Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ikkilisiya Da Hukumomin Mishan: A Buɗe Littafin Lissafi

Iyayenmu bishof-bishof, rabaran-rabaran, fastoci, dattawan ikkilisiya da shugabannin hukumomin mishan, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allah ya ƙara muku ƙarfi a kan nauyin da kuke ɗauke da shi.

Ni akanta ne. Ban taɓa hawa bagadi na yi wa'azi ba, ban kuma zauna a makarantar tauhidi ba. Abin da na iya shi ne in tara shafin shiga da shafin fita in ga ko sun gaisa. Da wannan ɗan sanin na yi shekaru ina riƙe wa ƙungiyoyin masu bi littattafan kuɗinsu, wani wurin da albashi, wani wurin don Allah. Shi ya sa na ga ina da ta cewa a kan maganar da ta cika tarurrukanku a 'yan shekarun nan, wato a mai da kasuwanci hanyar aikin bishara da yaƙi da talauci. Na zaɓi in rubuta a fili ne domin a cikin kwamiti na sha faɗa, a saurare ni da ladabi, a rufe taro da addu'a, magana ta bi iska. Ku yi mini haƙuri in harshena ya yi kaifi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ina goyon bayan abin, kada a yi mini mummunar fahimta. Tun bayan taron da ƙungiyar Lozan, mai haɗa masu aikin bishara na duniya, ta yi a Pataya ta ƙasar Tailan a 2004, inda wani rukuni ya fitar da takarda ta musamman a kan kasuwanci a matsayin aikin mishan, maganar ta bazu ko'ina kamar sabuwa, alhali tsohuwa ce. Bulus ya sauka gidan Akila da Bilkisu a Koranti saboda sana'arsu ɗaya, ɗinkin tanti. Ranar da yake sallama da dattawan Afisa ya tuna musu cewa hannuwansa ne suka biya bukatunsa da na abokan tafiyarsa. Lidiya da ta buɗe wa masu bi gidanta a Filibi 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafin shunayya. Ga kuma abin da ido ke gani a zamaninmu. Bankin Duniya ya ɗaga layin matsanancin talauci zuwa dala 3 a rana a 2025, kuma a kan wannan ma'auni fiye da mutum miliyan 800 ne ke ƙarƙashinsa. Bankin dai ya ce a ƙasashe masu tasowa ayyukan yi 9 cikin 10 daga masu zaman kansu suke fitowa. Mutum kusan miliyan 800 da ƙasar Sin ta fitar daga ƙangin talauci cikin shekara 40, gona da masana'anta da kasuwa ne suka fitar da su. Babu akwatin baiko a duniya da zai iya ɗaukar wannan kaya. Mun kuma daɗe muna kallon ɗan kasuwa a matsayin aljihu kawai: ana tuna shi ranar tara kuɗin gini, ana kiran mai tafiya mishan gaba a ɗora masa hannu, amma ɗan'uwan da yake biyan mutum 30 albashi duk ƙarshen wata ban taɓa ganin an kira shi an yi addu'a a kan aikinsa ba. In wannan sabuwar magana za ta gyara wannan, madalla.

Damuwata daga wani ɗakin ɗinki ta fara.

Wata ƙungiyar mishan, ba zan kira sunanta ba, ta buɗe shi don gwauraye da matan da ba su da abin hannu. Masu taimako daga waje suka sayi kekunan ɗinki sababbi fil, aka kama hayar ɗaki mai faɗi, aka yi bikin buɗewa da waƙa da hotuna. Ni ne mai riƙe littafi. Matan suna ɗinka jakunkuna, ana tura su ikkilisiyoyin waɗanda suka ba da kuɗin, a shimfiɗa a tebur bayan sujada, mutane su saya. Shekara 2 littafina yana nuna riba, kowa yana yabon Allah. Ni ma na yaba, ko da yake na san abin da ke cikin tulun: albashin manaja ba daga ciniki yake fita ba, kuɗin haya ma haka, kuɗin jigila ma haka. Da an ɗora waɗannan a kan jaka, kowace jaka faɗuwa ake yi da ita. Masu sayen kuma ba jaka suke bukata ba, tausayi suke saya, tausayi kuwa ba ya dawowa sari na biyu. Da hankalin masu taimakon ya koma wata ƙasa inda bala'i ya auku, oda ta tsaya cak. Muka fitar da kayan kasuwa, babu mai taya su, domin ɗinkin bai kai ba, kuɗin kuma ya wuce. Jakunkuna suka yi kwantai a sito har ƙura ta canja musu launi.

Aka shiga bin bashin albashi. Akwai wata gwauruwa mai 'ya'ya uku da take zuwa ofishina duk ƙarshen mako. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ta zauna a bakin benci, ta gaishe ni, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sai can ta ce, "Malam, ko akwai labari?" Ni kuma in buɗe littafi in bi layi da yatsa, kamar lambar za ta sauya don na sake dubawa. Wata rana manaja ya same ta a wurin, ya ce mata, "Mama, ki ƙara haƙuri, aikin Ubangiji muke yi, ladanki yana sama." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Sai dai mai gidan da nake haya a ƙasa yake." A wannan watan ne aka ba ni rahoton da za a tura wa masu taimako in duba lambobinsa. An rubuta yawan matan da ke halartar addu'ar safe, an rubuta shaidar mutum biyu, an sa hotuna. Babu layi ɗaya a kan albashin wata huɗu da ba a biya ba. Na sa hannu. Wannan laifina ne, kuma yana cikin dalilan wannan wasiƙa.

Iyayena, abin da ake kira kasuwanci dole ya iya tsayawa da ƙafarsa, ya sayar wa wanda bai san mu ba, bai kuma damu da labarinmu ba. Magabata sun koyi wannan da wuya. A 1732 ikkilisiyar Morabiya ta tura mutum biyu daga Herrnhut ta Jamus zuwa tsibirin St. Thomas a yankin Karibiyan, Leonhard Dober maginin tukwane da David Nitschmann kafinta, da niyyar su ci da kansu daga sana'arsu. Kafinta ya sami aiki. Maginin tukwane ya tarar ƙasar tsibirin ba ta ginuwa, dole ya nemi wani abin yi. Bangaskiyarsa ba ta da aibu, yumɓu ne babu. Har yau haka muke: a yi azumi da addu'a a kan sana'a, a manta a tambaya ko akwai mai saye. Ku dubi kuma mishan na Basel, daga ƙasar Suwizalan, a kudancin Indiya. Waɗanda suka karɓi bishara a can akan kore su daga danginsu da sana'ar gadonsu, sai mishan ya kafa masaƙa, sannan a 1865 ya buɗe masana'antar tayal na rufin ɗaki a Mangalor. Tayal ɗin ya karɓu saboda ingancinsa, mai addini da marar addini kowa yana saya, har yau da sunan garin ake kiran irin wannan tayal. Wanda ya rufa ɗakinsa da shi bai tambayi ko an yi addu'ar safe a masana'antar ba. Ruwa bai zubo masa ba, shi ke nan, kuma wannan ma shaida ce.

Akwai wata ɓarna da ba ta shiga rahoto. Idan sana'ar mishan tana cin tallafi a ɓoye, tana iya karya farashi yadda maƙwabcinta ba zai iya ba. Telan da ke bakin hanya da kansa yake biyan haya, da kansa yake sayen zare, babu wanda ya ba shi keke kyauta. In muka ƙwace masa masu ɗinki da kuɗin baiko, mun ba mata 10 aiki mun tsiyata gida 10, sannan mu tashi mu bar duka 20 a rana. Dokar Benedict ta sufaye, tun ƙarni na 6, ta ce kayan da sufaye suka ƙera a sayar da su ƙasa kaɗan da na mutanen gari don kada haɗama ta shiga, ta kuma tuna musu da Hananiya da Safiratu. Niyyar tana da kyau, amma ni da nake zaune da lambobi zan ce a yi hattara da ita: araha da ta fito daga ƙwarewa albarka ce, araha da ta fito daga aljihun mai taimako kuwa wani ne yake biyanta, kuma yawanci talaka ne.

Sai maganar lada. Ban san wani abu da Littafi Mai Tsarki ya yi wa magana dalla-dalla a harkar kasuwanci kamar hakkin ma'aikaci ba. Littafin Firistoci ya hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai aiki. Maimaitawar Shari'a ta ce a biya shi kafin rana ta faɗi, domin matalauci ne kuma a kansa ya sa rai. Yakubu ya ce ladan da aka danne wa masu girbi yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Duk da haka a wuraren da ake kira da sunan Almasihu ne na fi ganin ana biyan ƙasa da kasuwa, ana jinkirta albashi, ba takardar ɗaukar aiki, ba hutu, in ma'aikaci ya yi magana a ce ba shi da zuciyar hidima. Hidima abu ne da mutum yake bayarwa da son ransa. Mai hali yana iya cewa zai yi aiki a rabin albashi saboda Ubangiji, Allah ya karɓa masa. Amma a ɗauko gwauruwar da ba ta da zaɓi a yanka mata wannan rabin, a sa masa suna sadaukarwa, wannan danniya ce ko da an buɗe ta da addu'a. Tarihi ma ya ja mana kunne: mishan ɗin Morabiya da na yaba a sama, daga baya ya mallaki gonaki a Karibiyan da bayi ke nomawa, yana yi musu wa'azi yana kuma cin guminsu. Mutanen kirki ne, masu ibada, kuma lissafi ya rufe musu ido.

Abu na gaba ya fi nauyi a bakina, amma zan faɗa. Kada aikin yi ya zama ƙugiya. Mai yunwa zai ce amin ga duk abin da mai albashi ya faɗa. A ƙasashen Asiya har suna aka yi wa irin wannan tuba, Kiristocin shinkafa, waɗanda ke nan muddin buhu yana nan. In ma'aikaci ya lura cewa ƙarin girma yana bin masu zama sahun gaba a addu'ar safe, zai zauna sahun gaba, mu kuma mu ƙirga shi mu tura rahoto. Mun cuce shi, mun cuci kanmu, mun kuma ba maƙwabtanmu masu wani addini hujjar cewa da kuɗi muke sayen mutane. A 2011 Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya da ofishin Fadar Fafaroma mai kula da tattaunawa tsakanin addinai da Ƙawancen Masu Bishara na Duniya sun haɗu, abin da ba kasafai suke yi ba, suka fitar da takarda ɗaya a kan yadda Kirista zai yi shaida a cikin masu addinai dabam-dabam. A ciki sun yi tir da amfani da talaucin mutum ko kwaɗaitar da shi da abin duniya don ya sauya addini. Yawancinku ikkilisiyoyinku suna ƙarƙashin ɗaya daga cikin ukun nan. Ina roƙo a sauko da wannan takarda daga kan kanta a kai ta ofishin manaja. A ɗauki mutum aiki don ya iya, a biya shi don ya yi, addu'a ta zama ta wanda ya ga dama. In ya shekara yana ganin sikeli ba ya ƙarya, rasit ba ya da biyu, ana biyan haraji, ba a miƙa cin hanci ko da kaya za su kwana a tasha, shi da kansa zai tambayi dalili. Ranar nan sai a ba shi amsa, Bitrus ma haka ya ce a zauna a shirye.

Ɗan'uwan wannan shi ne kamfanin da babu shi sai a takarda. Ana yi, kun kuma sani: a yi rajistar kamfani don a sami bizar shiga ƙasar da ba ta karɓar 'yan mishan, a kama ofis, a rataya allo, shekara ta zagayo ba a sayar da ko allura ba. Maƙwabta ba wawaye ba ne. Suna ganin mutum ba ciniki amma yana hawa mota yana biyan haya, sai su ce ko ɗan leƙen asiri ne ko mai wanke kuɗin haram. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da asiri ya tonu baƙon jirgi zai hau, masu bi 'yan ƙasa su ne za su zauna da abin da ya biyo baya, har da waɗanda suke kasuwancinsu tsakani da Allah.

Bari in zo kan rance, domin nan ne ikkilisiyoyi da yawa suka fi zuba kuɗi. Shi ma yana da tarihi mai kyau a wurinmu. 'Yan ɗariƙar Faransis sun kafa asusun rance da jingina a Perugia ta Italiya a 1462 don su ƙwaci talakawa daga hannun masu cin riba mai tsanani. John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist, ya fara asusun rance a Landan a 1746: da farko ba a ba mutum fiye da sule 20, ya biya cikin wata 3, wakilai biyu suna zama duk safiyar Talata suna bayarwa suna karɓa. Kafin shekara 2 fiye da mutum 250 sun amfana. Daga baya wani mai gyaran takalma, James Lackington, ya ranci fam 5 a asusun, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayar da littattafai a Landan. Irin labarin Lackington muke so, shi muke ɗorawa a bangon rahoto. Sai dai mutum ɗaya ne. A 2015 an wallafa sakamakon bincike 6 da aka yi a Bosniya, Habasha, Indiya, Meziko, Mongoliya da Maroko, inda aka kwatanta waɗanda aka buɗe wa ƙofar ƙaramin rance da waɗanda ba a buɗe wa ba. Abin da aka gani: rancen yana taimaka wa wasu su faɗaɗa sana'a, musamman masu sana'a tun asali, amma bai ɗaga kuɗin shigar yawancin gidaje yadda aka yi ta shela ba. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya kuwa, a 2010, abin ya kai ga rikici, mutane sun ci bashi a kan bashi, masu karɓa suna matsa musu, har gwamnatin jihar ta taka wa kamfanonin birki.

A shekarar 2015 ɗin dai aka wallafa wani binciken a ƙasashe 6, Habasha, Gana, Honduras, Indiya, Fakistan da Peru, a kan tsarin da ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ta fara don waɗanda suka fi kowa talauci. Su ba rance ake ba su ba. Ana ba su abin juyawa kyauta, yawanci dabbobi, da ɗan abin ci na wani lokaci don kada su sayar da jarin, da horo, da wurin ajiya, da mai zagayowa a kai a kai yana duba su. A yawancin ƙasashen an ga ci gaba da ya ɗore bayan an janye hannu. A Honduras abin bai yi ba, saboda kaji aka raba kuma cuta ta kashe da yawa daga cikinsu. Na ambaci kajin nan da gangan: masu binciken sun rubuta faɗuwarsu a fili kowa ya karanta. Mu yaushe rabon da mu rubuta namu kajin da suka mutu?

Abin da na ɗauka daga nan shi ne ba kowane talaka ne ɗan kasuwa ba, kamar yadda ba kowane mai bi ne mai wa'azi ba. Da yawa ba jari suke nema ba, aiki suke nema mai albashi da za su dogara da shi. Wasu kuma, tsofaffi da marasa lafiya da marayu ƙanana, sadaka ce hakkinsu, kuma kada sabuwar soyayyarmu da kasuwanci ta sa mu fara jin kunyar bayar da ita. Shari'ar Musa ta san wannan bambanci. Ta bar wa mai ƙarfi kala a gefen gona ya tsinta da hannunsa, kamar yadda Rut ta yi a gonar Bo'aza. Ta ware zakkar shekara ta uku don marayu da gwauraye da baƙi. Ta kuma hana a karɓi dutsen niƙa jingina, domin wanda ya karɓe shi ran mutum ya karɓa. Ku auna asusun rancenku da wannan: in mace ta kasa biya, kekenta na ɗinki kuke ɗaukewa? Ina kuma roƙonku, ku raba fasto da karɓar bashi. Na ga mutanen da suka daina zuwa sujada, ba don sun bar bangaskiya ba, sai don mai ba da jibin Ubangiji shi ne yake riƙe da sunayen waɗanda ba su biya ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowa ne yake so a leƙa nasa daga bagadi ba.

Da na ambaci bagadi, kada a yi tallar zuba jari a kansa. A Amurka wata gidauniya mai suna New Era ta yi wa ikkilisiyoyi da makarantun Kirista alkawarin ninka musu kuɗi cikin wata 6, wai wasu attajirai da ba sa son a san su ne ke ƙarawa. Manyan hukumomi masu lauyoyi suka zuba, saboda mai abin ɗan'uwa ne, yana addu'a, kuma wane da wane sun riga sun shiga. Babu wasu attajirai. Kuɗin na baya ake biyan na gaba da shi. Ya rushe a 1995, shugabansa John Bennett ya tafi kurkuku. Wanda ya fara tono zancen malamin lissafi ne a wata ƙaramar kwalejin Kirista a jihar Michigan, Albert Meyer, kuma da farko ba a so jin ta bakinsa ba. Ba don ɗan sana'armu ne nake yabonsa ba, ko da yake ba zan ɓoye jin daɗina ba. Mai tambayar ina rasit ba maƙiyin aikin Allah ba ne. Ku kawo mai binciken kuɗi daga waje, wanda ba ya cin tuwonku, ya duba littafi duk shekara.

Tambayar da na fi so ku kwana da ita ita ce ta mallaka. Bayan shekara 10, sana'ar ta wa ce? Friedrich Raiffeisen, magajin gari a ƙauyukan Jamus kuma mai bi na ƙwarai, ya fara da ƙungiyoyin agaji da masu hali ke ɗaukar nauyi, ya ga da zarar sun gaji abin ya mutu. A 1864 a Heddesdorf ya juya tsarin, masu cin rancen suka zama su ne 'yan ƙungiyar, kuma bankunan da ke ɗauke da sunansa suna nan har yau. A Mondragon ta ƙasar Sifaniya wani limamin Katolika, José María Arizmendiarrieta, ya buɗe makarantar koyon sana'a a 1943, ya yi shekara 13 yana koyarwa kafin ɗalibansa 5 su kafa masana'antar risho a 1956. Ma'aikata ne masu ita, kowa da ƙuri'a ɗaya. Yau dubun dubatar mutane ke aiki a ƙungiyoyin da suka tsiro daga nan. Da babban kamfaninsu na kayan lantarkin gida ya karye a 2013, sauran ƙungiyoyin suka karɓi da yawa daga cikin 'yan'uwansu ma'aikata. Limamin bai mai da abin nasa ba, bai kuma mai da shi na ikkilisiya ba.

Har a tarihin Basel, abin da ya fi yin nisa ba shi ne kamfanin cinikin da suka kafa a 1859 ba, duk da girmansa. Wani yaro ne da ya koyi ƙira a wurinsu a ƙasar da yanzu ake kira Gana, Tetteh Quarshie. Ya tafi aiki tsibirin Fernando Po, ya dawo wajen 1879 da 'ya'yan koko, ya shuka a Mampong, manoma suka karɓa daga hannu zuwa hannu. Zuwa 1911 ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko, kuma ƙananan manoma ne suka yi aikin a gonakinsu. Mishan ya koya masa sana'a ya sake shi. Mu kuwa sau da yawa mukan koya wa mutum sana'a mu riƙe keken, mu riƙe kasuwar, mu riƙe asusun banki, sannan mu yi mamakin yadda har yanzu bai tsaya da ƙafarsa ba.

Ga roƙona a taronku na gaba. Kafin a karanta rahoton rayukan da aka taɓa, a ɗora littafin lissafi a tebur, a cire duk tallafi daga ciki a ga abin da ya rage. A kira ma'aikaci mafi ƙarancin albashi, ba a gaban manaja ba, a tambaye shi yaushe aka biya shi na ƙarshe. A sa 'yan kasuwa na gaske da ke cikin ikkilisiya a kwamitin, waɗanda suka taɓa karyewa suka tashi, a kuma ba su ikon cewa a'a ko da shugaba ne ya kawo shawarar. Inda aka ga abin sadaka ne, a kira shi sadaka, ba abin kunya ba ne. Kuma kafin a buɗe kowace sabuwar sana'a, a ware kuɗin sallamar ma'aikata a ajiye gefe, domin sana'o'i suna mutuwa, na masu bi da na marasa bi.

Game da ɗakin ɗinkin nan, an rufe shi tuni. Kekunan suna nan a sito an lulluɓe su da leda, an ce ba za a taɓa su ba sai hukuma ta zauna, tun da da sunan ƙungiya aka saye su. Matan har yau suna bin albashin wata huɗu. Ina da sunayensu da abin da kowace take bi, na kwafe a littafina kafin in ajiye aiki. Wasu daga cikin masu karanta wannan wasiƙa sun san wurin da nake nufi, kuma sa hannunsu ake jira. A sayar da rabin kekunan a biya matan, sauran a ba waɗanda suka iya ɗinki su tafi da su gida. In an kira ni zan kawo littafin.

Naku cikin Almasihu,
Ɗanku, mai riƙe littafin lissafi